Gyaran inji: a sake notukan kulas ko a maida tsoffin?

A garajojin da ke bakin babbar hanya RN1, daga Dogondutsi zuwa Kore Mairuwa, idan aka kwance injin Hiace ko Hilux, mai mota yakan amince a saya masa sabon juwan na kulas. Inda gardama ke tashi shi ne kan notuka, waɗanda masu garaji ke kira bulon. Ga ido lafiyarsu lau, to don me za a ƙara kashe kuɗi?

Amsar tana cikin yadda ake ɗaure su. A tsofaffin injina, noti yana ɗan miƙewa idan aka ɗaure shi, ya koma yadda yake idan aka kwance. Irin wannan ana iya wanke shi a maida. Amma a injinan dizal da yawa na zamani, bayan an ɗaure da sifana mai awon ƙarfi, sai a ƙara juya kan notin da digiri 90, wani lokacin har sau 2. Wannan juyin yana ja ƙarfen ya wuce inda zai iya komawa. Ya ƙara tsawo, ya sirance kusa da zaren, ido kuwa ba ya ganin haka. Idan aka maida shi, ba ya danne kulas daidai. A zafin watan Afrilu, da ke wuce digiri 40, mota shaƙe da fasinja, nan juwan ke ƙonewa, ruwa ya haɗu da mai.

Notukan biyel sun fi haɗari: ɗaya ya tsinke inji na gudu, biyel ta huda gangar injin, sai dai sayen wani.

Wasu kamfanoni sun yarda a maida noti idan an auna tsawonsa ko kaurinsa bai kauce wa iyakar da littafin motar ya bayar ba. Inda babu littafin, babu ma'auni, saye ya fi sauƙi. Sai dai sabo ma ba duka ne abin yarda ba, domin kayan da ke shigowa kasuwa akwai jabu a ciki, kuma notin kanti mai lamba 8.8 ba ya maye gurbin mai 10.9 ko 12.9.

Kafin a ɗaure, a busar da ramukan. Mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasan rami yana iya tsaga gangar injin.