Motar Kara a Cikin Aji

Tun kafin a sa su makaranta, yaran Tsafe da Bungudu sun iya ƙera mota da karan dawa, su gina shanu da yumɓu. Manhajar firamare ta Najeriya ta tanadi darasin al'adu da fasahar hannu, sai dai sau da yawa a kan allo yake ƙarewa, yara na kwafar bayani.

Alhali kayan aikin na bakin ƙofa: kaba, laka, lalle, gawayi. Ɗalibin da aka ce ya zana dutsen Kwatarkwashi ko kasuwar Gusau yana koyon awo da lura tare.

Malamai, a gayyato magina tukwane da masaƙa tabarma cikin aji, su koyar.