Mutumin Da Ke Tsaye A Tsakiyar Taro

In an tara jama'a a babban filin wasa a Turai ko Amurka domin su ji mawaƙa, idon kowa yana kan dandamali. Amma can a tsakiyar mutane akwai wata 'yar rumfa, a ciki da wani mutum tsaye gaban tebur mai maɓallai barkatai. Ba ya waƙa, ba ya kiɗa, sunansa ma ba ya cikin takardar sanarwa. Duk da haka abin da mutum dubu hamsin za su ji a daren nan, ko daɗi ko hayaniya, ta hannunsa ya ke bi. Shi a ke kira injiniyan sauti, ko kuwa mai haɗa sauti. Waɗansunsu sukan bi ƙungiyar mawaƙa gari gari wata da watanni, in sun komo gida kuma su shiga aji su koya wa samari ɗaukar murya. Labarin aikin nan na ke so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai, gama na ga damuwarsa da tamu iri ɗaya ce, watau yadda na kujerar baya zai ji abin da na gaba ya ji.

Bari mu fara da abin da ya sa aikin ya ke da wuya. Sauti girgizar iska ne, yana kuwa tafiya kimanin mita 343 a sakan guda. Wannan ba sauri ba ne in an gwada da haske, shi ya sa mukan ga walƙiya tukuna mu ji tsawa. Ban da rashin sauri kuma, sauti yana raguwa a hanya. A fili, duk sa'ad da nisanka da lasifika ya ninka, ƙarfin abin da ka ke ji yakan ragu da awo shida na ma'aunin da a ke kira desibel. To, ka ga matsalar. In an ƙara ƙarfi har na baya ya ji sosai, na gaba kunnensa ya sha azaba. In an tausaya wa na gaba, na baya ya biya kuɗinsa a banza.

Akwai shekarar da abin nan ya fito fili. Ran 15 ga Agusta 1965 mawaƙan nan huɗu na Ingila da a ke kira Beatles suka yi wasa a filin Shea a birnin New York, gaban mutum 55,600. Na'urorin ƙara ƙarfin gitarsu, na kamfanin Vox, wat 100 ne kowace. Ihun jama'a ya shanye kiɗan sarai. Su kansu mawaƙan ba su jin junansu, har mai gangarsu, Ringo Starr, ya ce motsin jikin 'yan'uwansa ya ke kallo daga baya domin ya san inda aka kai a waƙa. Ran 29 ga Agusta 1966 suka yi wasansu na ƙarshe na yawon gari gari a San Francisco, rashin jin kansu kuwa yana cikin dalilan da suka sa suka daina. Ashe mawaƙi, komai gwanintarsa, in ba ya jin muryarsa, kamar mai rubutu ne cikin duhu.

Daga nan sana'ar ta fara girma. A taron Woodstock na Agusta 1969, inda mutum wajen 400,000 suka taru a wata gona a jihar New York, wani injiniya mai suna Bill Hanley ya ɗora lasifikoki a kan dogayen hasumiyoyi na ƙarfe domin sauti ya wuce kan na gaba ya kai ga na kan tudu. A 1974 kuma ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka ta yi yawo da wani abin mamaki wanda Owsley Stanley da abokan aikinsa suka shirya, aka sa masa suna Bangon Sauti. Lasifika fiye da 600 aka jera bisa juna a bayan mawaƙa, nauyin kayan wajen tan 75. Kowane kayan kiɗa da nasa jerin, domin kada sautin wannan ya dagula na wancan. Waɗanda suka ji sun yaba ƙwarai, amma ɗaukarsa da kafa shi da biyan ma'aikatansa suka fi ƙarfin aljihu, kafin shekarar ta ƙare aka wargaza shi. Abin da ya zauna shi ne dabarar wani masanin kimiyya na Faransa, Christian Heil, wanda kamfaninsa na L-Acoustics ya fito da ita a 1992. A kan rataye akwatunan lasifika a jere daga sama zuwa ƙasa, jerin ya ɗan lanƙwasa kamar ayaba, na sama su harba sauti can nesa, na ƙasa su kula da na kusa. In kun ga hoton babban taron kiɗa, su ne baƙaƙen abubuwan nan masu lilo dama da hagun dandamali.

In fili ya yi tsawo da yawa, a kan kafa waɗansu lasifikoki a tsakiya domin na baya. A nan akwai wani lissafi da ya ba ni sha'awa, wanda malamin lissafi zai iya ba 'yan aji. Saƙon da ke bin waya yakan isa nan take, amma wanda ke bin iska daga dandamali sai ya ɗauki lokaci. In lasifikar tsakiya tana mita 100 daga dandamali, sautin iska zai makara da kusan sulusin sakan. Mai sauraro zai ji kowace kalma sau biyu, magana ta zama shirme. Saboda haka injiniya yakan sa na'ura ta riƙe saƙon waya na ɗan lokacin nan daidai, har na iska ya iso, su fita tare. Zafin rana ma yana sake lissafin, gama sauti ya fi sauri cikin iska mai zafi. Abin da aka auna da tsakar rana, sai an sake dubawa da dare.

Yanzu ga yadda yini guda ya ke a kan hanya. Da sassafe manyan motoci sukan iso, a sauke kaya, a rataye lasifikoki, a shimfiɗa wayoyi. Sa'an nan a saki wani irin shuu mai kama da ruwan sama a kan kwano, a auna yadda wurin ya ke amsa shi. Injiniya na kirki ba ya tsayawa ga abin da na'ura ta nuna masa. Yakan zaga da ƙafa, ya hau bene, ya shiga lungu, ya zauna a kujerar da ta fi kowace arha, yana saurare. Da la'asar mawaƙa su zo a gwada kowace makirufo ɗaya ɗaya. A manyan ƙungiyoyi injiniya biyu ne: na tsakiyar taro yana haɗa abin da jama'a za su ji, na gefen dandamali yana haɗa abin da kowane mawaƙi zai ji, ko ta lasifikar da ke gabansa a ƙasa, ko ta ɗan abin da ya sa a kunne. Mai ganga yana so a ƙara masa wannan, mai waƙa yana so a rage masa wancan, duk da alamar hannu a ke faɗa. An tashi wasa, a naɗe kome a loda, a kwana cikin mota, gari ya waye a wani gari. Teburan haɗa sauti masu aiki da kwamfuta suna iya ajiye duk saitin jiya, amma ba su iya ajiye ɗakin jiya. Har ɗaki guda ma yakan sake hali: wanda ya yi amsa-kuwwa da la'asar yana fanko, in ya cika da mutane sai ya lafa, gama jiki da tufafi suna shan sauti.

Wanda ya fara auna wannan halin na ɗaki malamin makaranta ne, damuwarsa kuwa ta aji ce. A 1895 Jami'ar Harvard ta ga ɗalibai ba su fahimtar abin da a ke faɗa a wani sabon zauren lacca, gama kalma takan yi ta yawo a ciki fiye da sakan biyar. Aka ba wani saurayin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara. Da dare, in gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga wani zaure, su shimfiɗa, ya busa bututun molo irin na coci, ya riƙe agogo yana ƙirga lokacin da sautin zai mutu. Da haka ya gano dangantakar girman ɗaki, da yawan abin da ke shan sauti a ciki, da daɗewar amsa-kuwwa. Da shawararsa aka gina babban zauren kiɗa na Boston wanda aka buɗe a 1900. Duk wanda a cikinmu ya taɓa koyarwa a aji mai daɓen siminti da rufin kwano ba silin ya san ciwon da Sabine ya yi wa magani.

Babban abin kunyar mai haɗa sauti shi ne ƙarar nan mai tsini da lasifika kan yi, kowa ya toshe kunne. Dalilinta ba wuya. Makirufo ta ji abin da lasifika ta fitar, ta mayar mata, lasifika ta ƙara masa ƙarfi, makirufo ta sake ji, haka haka cikin ƙiftawar ido. Maganinta na fari shi ne kada makirufo ta fuskanci lasifika, mai magana kuma ya kusantar da bakinsa domin kada a bukaci ƙara ƙarfi. Gwani yakan gane muryar da ke shirin yin ƙara tun tana ƙasa ƙasa, ya rage ita kaɗai, ya bar saura. Masu Bangon Sauti, da ya ke lasifikokinsu a bayan makirufo su ke, sai suka ba kowane mawaƙi makirufo biyu, ɗaya bisa ɗaya. Yana waƙa cikin ta sama, na'ura kuma ta zubar da duk abin da su biyun suka ji daidai, ta bar muryarsa kaɗai.

To, in injiniyan nan ya koma aji, me ya ke koyarwa? Ɗaukar murya aiki ne dabam da na fili, gama a ɗakin ɗauka in an ɓata a kan sake, a fili kuwa abin da ya fita ya fita. Amma tushensu ɗaya. Tun daga na'urar Thomas Edison ta 1877 har zuwa 1925, sa'ad da aka fara ɗauka da lantarki, masu kiɗa sukan taru ne gaban wani babban mazurari. Mai ƙarfin sauti a tura shi baya, mai sanyin sauti a jawo shi gaba. Haɗa sauti ke nan na zamanin, kuma darasin bai tsufa ba: matsar da makirufo taƙi guda ya fi murɗa maɓalli goma. Jamus ce ta fara mai da sana'ar karatun makaranta sosai, a makarantar kiɗa ta Detmold a 1949, inda sai ɗalibi ya iya kiɗa da kimiyya duka biyu. Jami'ar Surrey a Ingila ta bi sawu a 1970.

Malamin yakan fara da hanyar da saƙo ke bi, daga baki zuwa makirufo, zuwa waya, zuwa tebur, zuwa lasifika, domin ran da abu ya yi shiru ɗalibi ya bi sawu daki daki, kada ya tsaya yana dukan na'ura. Har naɗe waya a kan koya, gama wayar da aka naɗe a hagunce takan karye daga ciki. Amma yawancin lokaci a kan kunne ya ke tafiya. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Malam yakan sa kiɗa, ya ƙara wani yanki na tsakanin nan a ɓoye, ya ce ɗalibi ya faɗi ko wanne ne. Yau a yi, gobe a yi, har kunne ya saba kamar yadda harshen mai dafuwa ya ke gane gishiri ya yi kaɗan. A ganina a nan ne wanda ya sha hanya ya fi wanda ya karanta littafi kaɗai, domin ya ji ɗakuna ɗari, kowanne da halinsa.

Sauran abu guda da malaman nan ba su wasa da shi, watau tsaron kunnen kansa. A can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙananan gasu masu karɓar girgiza, in ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade awa takwas ga mai zama cikin ƙara ta desibel 85. In ta ƙaru da uku, lokacin ya ragu da rabi. In ta kai 100, minti goma sha biyar ne kurum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙarar wuraren wasa ta wuce 100 in an auna tsakaicinta cikin minti goma sha biyar. Na kan tuna da wannan in na wuce wurin biki a garuruwanmu, na ga an murɗe lasifika har ƙarshe, yara kuwa suna zaune dab da bakinta. Su masu sana'ar, da yawansu sukan sa a auna musu abin toshe kunne daidai da ramin kunnensu, mai rage ƙarfi ba tare da ya sake kamannin sauti ba, suna kuma zuwa gwajin ji a kai a kai. In kunne ya yi ta ƙugi bayan an tashi wasa, alama ce an wuce iyaka a daren nan.