Wane Jirgi Ne Ya Wuce? Yadda Za Ka Gane Jiragen Fasinja Daga Ƙofar Gidanku

Duk wanda ya tashi a Kurna, Bachirawa, Jaba, Fanisau ko Birged a Kano ya san yadda jirgin sama yake katse hira. Malami yakan yi shiru a aji sai ƙarar ta lafa, mai magana a waya kuma ya ce, "Dakata jirgi ya wuce." Sai dai idan ka tambayi mutanen nan wane irin jirgi ne ya wuce, amsar ba ta wuce "babba ne" ko "na alhazai ne". Alhali kuwa kowane jirgi yana da suna da kamanni, kamar yadda yaron tasha yake bambanta Golf da Sharon tun daga nesa.

A ƙasashe da dama akwai matasa da manya da suka mayar da kallon jirage da rubuta bayanansu abin sha'awa. Mu kuwa muna da gado a wannan fanni. Tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, lokacin da jiragen sojan saman Ingila suka taso daga Masar, kuma filin jirgin sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi tsufa a ƙasar nan. Ɗalibin da yake zaune kusa da shi, ko kusa da filin Abuja, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, yana da makaranta kyauta a saman kansa. Abin da yake buƙata kawai shi ne ya san inda zai sa ido.

Fenti ba ya faɗin sunan jirgi

Darasi na farko shi ne raba kamfanin da yake jigila da kamfanin da ya ƙera jirgi. Max Air, Air Peace, EgyptAir, Ethiopian da Qatar Airways duk masu jigila ne. Fentin da ke jikin jirgi da tambarin da ke wutsiyarsa nasu ne. Masu ƙerawa kuwa ba su da yawa: Boeing a Amurka, Airbus a Turai, Embraer a Birazil, sai ATR na haɗin gwiwar Faransa da Italiya, da wasu jirage ƙirar Kanada. Kamfani ɗaya zai iya mallakar jirgi iri uku, sannan jirgi iri ɗaya zai iya zuwa maka da fenti goma. Saboda haka ka manta da launi tukuna, ka dubi ƙira.

Tambaya uku kafin jirgi ya ɓace

Jirgin da yake sauka ba ya ba ka fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Don haka ka saba wa idonka da tambaya uku a jere: Inji nawa ne? A ina aka maƙala su? Yaya girman jirgin yake?

Idan ka ga farfela tana juyawa, kuma fukafukan suna saman gangar jirgin, to mai yiwuwa ATR 72 ne ko Dash 8 Q400, masu ɗaukar mutum saba'in zuwa kusan tamanin a gajeren zango. Tayoyi ne suke raba su. Na ATR gajeru ne, daga cikin jirgin suke fitowa. Na Dash 8 dogaye ne kamar ƙafar zalɓe, daga ƙarƙashin injin suke sauka.

Idan injin biyu suna can baya kusa da wutsiya, wutsiyar kuma ta yi siffar harafin T, to ko dai Embraer ERJ 145 ne ko CRJ. ERJ 145 siriri ne mai tsinin hanci, kujerunsa hamsin. CRJ900 ya fi shi tsawo sosai, kuma bakin fukafukansa a lanƙwashe suke zuwa sama.

Idan inji huɗu ne, aiki ya zo da sauƙi. Mai tozo a gaba kamar bijimi shi ne Boeing 747, wanda ya fara tashi a 1969, aka kuma miƙa na ƙarshe da aka ƙera a farkon 2023. Mutanen Kano sun daɗe da saninsa, domin da shi Kabo Air, daga baya kuma Max Air, suka yi shekaru suna jigilar alhazai. Mai inji huɗu marar tozo, dogo, Airbus A340 ne. Wanda benensa ya tashi tun daga hanci har wutsiya kuwa A380 ne, sai dai shi a manyan filaye irin na Dubai da Landan aka fi ganinsa.

Sauran su ne masu inji biyu a ƙarƙashin fukafukai. Su ne suka fi yawa, kuma a nan ake gane wanda idonsa ya buɗe.

Kama da wane ba ta wane

Boeing 737 da Airbus A320 su ne tagwayen da suka fi wahalar da sabon shiga. Girmansu kusan ɗaya, kowanne kujera shida a jere da hanya guda a tsakiya. To amma akwai alama huɗu.

Ta farko hanci. Na 737 yana da tsini, na A320 a dunƙule yake.

Ta biyu inji. A yawancin 737 da ke yawo a Nijeriya, ƙasan bakin injin a baje yake, kamar an danne ƙwarya a kan dutse. Akwai dalili. An zana jirgin ne tun shekarun 1960 da gajerun ƙafafu, ya fara tashi a 1967. Da aka zo sa masa manyan injina a shekarun 1980, sai wuri ya yi kaɗan tsakanin fiffike da ƙasa, dole aka baje ƙasan. Shi kuwa A320, da ya fara tashi a 1987, dogayen ƙafafu gare shi, bakin injinsa zagayayye ne.

Ta uku wutsiya. A jikin 737, kafin wutsiya ta miƙe sama akwai wani siririn tudu da yake tasowa daga gadon baya, ya yi kusurwa da ita. Wutsiyar A320 kuwa kusan kai-tsaye take tashi da ɗan lanƙwasa kaɗan.

Ta huɗu ta masu zama a ƙarƙashin hanyar jirgi ce. Idan 737 ya tashi ya naɗe tayoyinsa, babu ƙofar da take rufe manyan tayoyin, don haka za ka hango baƙaƙen da'ira biyu a cikinsa. A320 yana rufe nasa ruf, cikinsa sumul.

Idan kuma jirgin ya yi kama da su amma ya fi su sirantaka, ka yi tunanin Embraer E190 ko E195, masu kujera huɗu a jere. Air Peace yana da sabon samfurinsu, wato E195-E2.

Manyan jiragen dogon zango

Jiragen da ke zuwa daga ƙasashen Larabawa da sauran wurare masu nisa sukan zama masu faɗin ciki, hanya biyu tsakanin kujeru. A nan ƙidayar tayoyi tana taimakawa, kuma lokacin sauka ne aka fi ganinsu.

Boeing 777 yana da taya shida a kowace babbar ƙafa, injinsa manya ne ƙwarai, ƙarshen bayansa kuma a baje yake kamar bakin sukundireba, ba mai tsini ba. Airbus A330 taya huɗu gare shi a kowace ƙafa, idan yana sauka na baya sun fi na gaba yin ƙasa, bakin fukafukansa kuma yana da ɗan ƙaramin kunne da ya karkata. Boeing 787 za ka gane shi da bayan injinsa mai kama da haƙoran zarto, wanda aka yi don rage ƙara, da fukafukai masu lanƙwasa sama kamar na shaho. Airbus A350 kuwa kamar ya sa kwalli: an zagaye gilasan matuƙa da baƙi.

Hattara da abu biyu. Sabon 737 MAX shi ma yana da haƙoran zarto, amma bai kai rabin 787 nauyi ba, girma zai raba maka su. Sannan A350 mafi tsawo, wato A350-1000, shi ma taya shida ne kamar 777, sai ka koma ga kwallin. Kada ka yanke hukunci da alama ɗaya. Nemi biyu.

Idan ido ya ƙara gogewa, sai a shiga ƙidayar ƙofofi. 777-200 yana da ƙofa huɗu a kowane gefe, 777-300 yana da biyar. 737-700 yana da ƙofar gaggawa ɗaya a saman fiffike, 737-800 yana da biyu.

Lambar da ke kusa da wutsiya

Kowane jirgi yana da lambar rajista, kamar lambar mota, a rubuce a bayan gangarsa kuma sau da yawa a ƙarƙashin fiffike. Haruffan farko suna nuna ƙasar da aka yi masa rajista: 5N Nijeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan, SU Masar, ET Habasha, HZ Saudiyya, A7 Katar, TC Turkiyya. Wani lokaci za ka ga jirgi yana yi wa kamfanin gida aiki amma lambarsa ta wata ƙasa ce, ko ka gan shi fari fat babu tambari. Wannan yawanci jirgin haya ne, kuma an fi ganin irinsa lokacin aikin Hajji, sa'ad da fasinjoji suka fi ƙarfin jiragen kamfani.

Akwai manhajar waya irin Flightradar24 da take nuna jiragen da ke sama a kan taswira, ta hanyar saƙon da jiragen da kansu suke aikowa game da inda suke. Tana da amfani, amma ga shawara: ka fara cankar jirgin da idonka, ka rubuta, sannan ka duba waya ka ga ko ka ci. Wanda ya fara da waya, wayarsa ce ta iya, ba shi ba. Ban da haka, ba kowane jirgi yake bayyana a manhajar ba, kuma data takan ƙare.

Iska ce take zaɓar hanya

Wataƙila ka lura cewa wasu watanni jirage suna bi ta saman gidanku, wasu watanni kuma sai ka ji su nesa. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, domin hakan yana rage tsawon titin da yake buƙata. A ƙasar Hausa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, don haka ɓangaren da jirage suke shigowa yakan sauya.

Lambar titin jirgi ma darasin labarin ƙasa ce. Babban titin Kano ana kiransa 06/24. Lamba 06 tana nufin wajen digiri 60 a kamfas, wato arewa maso gabas, 24 kuma digiri 240, kudu maso yamma. Titi ɗaya ne mai baki biyu, kuma tazarar lambobin kullum 18 ce.

Da dare kuwa fitilu za ka bi. Ja tana bakin fiffiken hagu, kore tana na dama. In ka ga ja a damanka, kore a hagunka, jirgin wajenka ya nufo. Farin layin da jiragen can ƙololuwa suke bari kuma ba hayaƙi ba ne, tururin ruwa ne daga inji yake daskarewa saboda tsananin sanyi.

Kada sha'awa ta kai ka caji ofis

Wannan shi ne sashen da ba a wasa da shi. Filin jirgi wurin tsaro ne, kuma na Kano akwai sansanin sojan sama a jikinsa. Matashin da aka gani a bakin shinge da kyamara ko na'urar hangen nesa zai sha tambayoyi, kuma jami'an suna da hujja. Ka yi kallonka daga gida, filin ƙwallo ko harabar makaranta. Kada ka hau shinge, kada ka ɗauki hoton jirgin soja ko shingen bincike. Ka riƙe katin shaidarka na makaranta, iyayenka su san inda kake. Idan jami'i ya ce ka bar wuri, ka ce "To, yallaɓai," ka tafi, ba gardama.

Kada ka taɓa haska jirgi da fitilar leza, domin tana iya kashe wa matuƙi ido a daidai lokacin sauka. Kada ka tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi a kusa da fili. Har bolar unguwa tana da hannu a lafiyar jirgi, saboda tana tara shirwa da hankaki, tsuntsu kuma in ya faɗa inji yana iya kashe shi. A 2009 wani A320 ya yi karo da garken dinya jim kaɗan da tashinsa daga New York, injinsa biyu suka mutu, sai a kan kogin Hudson matuƙin ya sauke shi. Allah ya kiyaye, duk mutum 155 da ke ciki suka tsira.

Ina amfaninsa?

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. To, mai lura da jirage yana koyon kamfas, sunayen ƙasashe, yanayin iska da yadda fiffike yake ɗaga nauyi, duk ba tare da an tsare shi da bulala ba. Harkar jiragen sama kuma ba ta tsaya ga matuƙa ba. Akwai injiniyoyin gyara, masu ba jirage hanya daga hasumiya, masu hasashen yanayi da ma'aikatan cikin jirgi. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da da yawa daga cikinsu, maza da mata. Kaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, ta taɓa shugabantar kwalejin. Ɗalibai mata, wannan shafi naku ne ku ma.

Ga aikin wannan mako. Samo ƙaramin littafi, ka ja layi biyar: rana, lokaci, kamfani, irin jirgi, da alamar da ta sa ka gane shi. Layin ƙarshen nan shi ne mafi muhimmanci. Ka cike jirgi goma kafin fitowarmu ta gaba, ka nemi aboki ya yi nasa, sannan ku gwada ku ga inda kuka saɓa.