Ɗalibin jinya da darussa biyu masu nauyi: jinyar yara da jinyar taɓin hankali

Da yawa daga 'ya'yanmu da ƙannenmu na karatun aikin jinya a makarantun kiwon lafiya, irin su ENSP ta Yamai da ta Damagaram. Akwai darussa biyu da ke ba su tsoro tun kafin su iso: jinyar ƙananan yara da jinyar masu taɓin hankali. Dalilin wahalar ɗaya ne. Jariri bai iya faɗin inda ke yi masa ciwo, wanda hankalinsa ya gushe kuma ko ya faɗa ba lalle a fahimce shi ba. Su ne kuma mutane biyu da shari'a ta ɗauke wa taklifi, nauyinsu ya koma wuyan mai kula da su.

Mu fara da yara. Abin da ya fi kayar da ɗalibai a nan lissafi ne, domin da nauyin jiki ake auna wa yaro magani. A ɗauki farasitamol, da ake ba da miligiram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180. In maganin na ruwa ne, mai miligiram 120 a cikin mililita 5, to mililita 7 da rabi ke nan. Kuskuren sifiri ɗaya yana ninka magani sau goma, kuma jikin yaro ba shi da ƙarfin ɗaukar irin wannan. Don haka muke ba ɗalibi shawarar ya riƙa warware lissafi biyar ko shida kullum bayan sallar asuba, da alƙalami da takarda, tun watanni kafin a fara darasin. Ya haɗa da lissafin ɗigon ƙarin ruwa, ya san robar manya ɗigo 20 ne a mililita, ta yara kuwa 60.

Sai alƙaluman da dole a haddace su. Numfashi ya yi sauri in ya kai 60 a minti ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Zaren auna damtse in ya nuna ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Waɗannan duk suna cikin tsarin PCIME da ake aiki da shi a asibitocin CSI, tare da alamun haɗari: yaro ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya suma. Wanda za a tura sitaj a CRENI ya san cewa zuciyar yaro mai tamowa ta yi rauni, ba a gaggauta saka masa ruwa ta jijiya, da madarar F-75 ake farawa kaɗan-kaɗan. In sitaj ɗin ya faɗo a damina, zazzaɓin cizon sauro ne zai cika ɗakin.

Darasin taɓin hankali shirinsa daban ne, don da kansa ɗalibi zai fara. Mun taso muna jin kalmar "mahaukaci" a bakin yara masu jifa, kuma a gidaje da yawa duk wanda ya rikice sai a ce iska ce. Mun yi imani da aljanu, ruƙiyya ta shari'a kuma tana da matsayinta. Amma mai jego da ta daina barci ta fara sambatu kwanaki bayan haihuwa tana bukatar likita a ranar, don ranta da na jaririnta na cikin haɗari. Haka mai zazzaɓi da ya rikice, wataƙila sanƙarau ne ko zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa. Magabata ba su ga karo tsakanin addu'a da magani ba: asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali.

Ɗalibi ya nemi littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, shirin da aka ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne a wannan fanni. Akwai shi da Faransanci. Ya san magungunan da illolinsu. Haloperidol kan sa wuya ya murɗe, idanu su juya sama, dangi su ce aljanin ne ya taso, alhali illar magani ce da ake warwarewa da wani magani. Amitiriftilin sai an yi makonni ana sha kafin damuwa ta fara sauƙi, in ba a gaya wa majinyaci haka ba sai ya watsar. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ba a tura cokali a baki, kwantar da mutum ake a gefensa, in jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya da shi. Tambayar mai damuwa ko yana tunanin kashe kansa ba ta jefa masa tunanin. A yi ta a keɓe, cikin natsuwa.

Akwai abin da makaranta ba ta cika koyarwa ba. Da Faransanci ake karatu, amma uwar yaro da Hausa ko Zabarmanci za ta yi bayani. Ɗalibai su zauna bibbiyu, ɗaya ya zama majinyaci, ɗaya ya gwada tambaya: "Inna, tun yaushe ya daina kama nono?" ko "Baba, kana jin wata murya da na kusa da kai ba su ji?" Abin da aka ji a ɗakin asibiti kuma amana ne. Garuruwanmu kowa ya san kowa, kalma ɗaya a majalisar shayi ko a WhatsApp na iya hana yarinya aure shekaru bayan ta warke.