Ɗaukar Fim da Dare, Tarar Ruwa a Yayyafi

Duk wanda ya zauna a unguwar da famfo ba ya kawo ruwa ya san abin da ake yi idan hadari ya haɗo. Yara su fito da bokiti da baho, uwar gida ta ce a ja randa ƙarƙashin indararo, kowa yana gaggawa. To, aikin kyamara ke nan, sai dai ita haske take tara. Da rana ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ko murfin kwalba ka ajiye zai cika, shi ya sa wayar ɗan makaranta ma take fitar da hoto tas a filin ƙwallo. Da dare kuwa yayyafi ne, kuma a yayyafi ake gane wanda ya iya tara da wanda bokiti kawai ya mallaka.

Tun 1990, da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a Kano, dare yake ba masu fim ɗinmu wahala. Mun sha ganin iri biyu. Ko dai allo ya yi baƙi ƙirin, sai muryar jarumi da farar hularsa, ko kuma a kafa ƙatuwar fitila guda a dalle masa fuska, inuwarsa ta hau bango, dare ya fi azahar haske. Abin yana damuna, domin rabin labaranmu da dare suke faruwa: zance a ƙofar gida, hira a teburin mai shayi, ɓarawo a kan katanga, uwa tana jiran ɗan da bai dawo ba.

Mu fara da bakin mazubi. Baho da kwalba ba za su tara ruwa daidai ba, ko da tare aka ajiye su. A cikin gilashin kyamara akwai wata ƙofa mai buɗewa da tsukewa, ita ce ake rubuta wa f da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce babban baki. Gilashin da aka saba haɗowa da kyamara mai araha, idan ka zuƙo abu da shi, bakinsa ba ya wuce f/5.6. Akwai kuma wani ɗan gilashi mai milimita 50, f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, amma hasken da yake tara ya kusa ninkin goma na wancan. Da matashi mai ɗan jari zai tambaye ni abin da zai fara saya saboda dare, shi zan nuna masa kafin kowace fitila. Sai dai babban baki yana da nasa sharaɗin: abin da ke fitowa sarai ɗan kaɗan ne, jaruma ta gusa taki ɗaya sai fuskarta ta yi dishi-dishi. Ko darakta Stanley Kubrick, da ya ɗauki wasu sassan fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir, da gilashin Zeiss mai f/0.7 irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA, sai da ya sa 'yan wasansa suka taƙaita motsi. A ja layi a ƙasa da alli, a ce wa jarumi nan za ka tsaya.

Sai daɗewar mazubi a waje. Ko yayyafi ne, idan ka bar bokiti ya kwana zai cika, kuma dabarar da waya take yi ke nan idan ta ce ka riƙe ta daƙiƙa biyu ko uku kada ka motsa. Hoto guda yana da wannan sukunin, fim ba shi da shi. A daƙiƙa ɗaya bokiti 25 ake jerawa, kowanne a miƙa shi a janye cikin ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Kana iya ƙara masa lokaci kaɗan, amma da zarar mutum ya ɗaga hannu sai hannun ya bar jela a iska. Wannan 25 da 50 kuma a riƙe su saboda wani dalilin: wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuwa a kan 30 da 60 suke zuwa, lissafin wutar Amurka. Shi ya sa kake ganin ƙwan fitila yana ƙyafta ido a bidiyo, ko wasu zane-zane suna gangarowa a allo.

Idan bakin ya buɗe iyakarsa, lokaci ma ya ƙure, ruwan kuma bai isa ba, sai hannu ya tafi kan ISO. Mutane suna ɗauka ƙarin ruwa ne, alhali kwarfa ce. Ka karkata randa kana kwarfar abin da ya rage a gindinta, moɗa za ta cika, amma da laka da tsakuwa za ta taso. Su ne ɗige-ɗigen nan masu rawa a cikin duhun hoto. Yawan lakar ya danganta da faɗin gindin mazubin, wato allon da haske yake sauka a kansa a cikin kyamara. Na waya bai wuce farce ba, na babbar kyamara ya fi kan sarki girma. Kyamarar Sony A7S da ta fito a 2014 ta yi suna ne saboda ana kwarfa da ita sosai ruwan bai gurɓace ba. Mai tace fim yana da nasa alif ɗin da yake jefawa a kwamfuta laka ta kwanta, amma idan ya yi yawa fatar mutum sai ta koma sumul kamar ta roba, ƙyallin ido ma ya tafi tare da dattin.

Saboda haka mai dabara ba ya tsayawa a tsakar gida da bokiti, indararo yake nema. Ka matso da jarumi kusa da inda hasken yake zuba. Wanda ke taki ɗaya daga fitila, idan ya koma taki biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken zai samu, ba rabi ba. Haka ma idan ka matso da shi daga taki biyu zuwa ɗaya, riɓi huɗu ka ci ba ka kashe ko sisi ba. Garuruwanmu cike suke da indararon da ba na haya ba: ƙwan mai shayi, wutar mai tsire, ƙofar shago, fitilar a-daidaita-sahu, tocilar maigadi. Ka bar su a cikin hoton, mai kallo ya ga inda haske ya fito, zai yarda dare ne. Fitilar cajin da ka zo da ita kuma kada ka ɗora ta a kan kyamara. Kai ta gefe, ko bayan mutum ta zana gefen kansa da kafaɗarsa ta raba shi da duhu, sannan yaro ya riƙe farin kwali a gaba ya maido wa fuska ɗan abin da ya fantsama. Baƙar fata ba ta son a yi mata ambaliya. Haske mai faɗi mai taushi take so, wanda ya bi ta farin zanen gado ko ya daki farin bango ya dawo, sai ka ga goshi da kumatu sun ɗauka suna sheƙi. A kula kuma da gauraya, don ƙwan da ke ba da ja-ja da mai ba da fari fat idan suka haɗu a fuska ɗaya, rabi zai yi kalar manja rabi ya yi toka.

Abin da na fi so masu fim ɗinmu su yarda da shi shi ne ba kowane mazubi ne sai an cika ba. Tulu ɗaya mai ruwa garau ya fi baho biyar na laka. Ido da hannu da bakin ƙofa su fito, sauran lungun a bar shi baƙi, duhun ma yana ba da labari. A yayyafa wa ƙasa ruwa ta riƙa maido hasken shaguna, kamar yadda ake jiƙa tituna a finafinan Amurka. Lokacin hunturu kuwa hazo da kansa yake fito da zaren haske a iska.

Akwai masu ɗiban ruwansu tun da rana. Daren da ake gani a fim ɗin Mad Max: Fury Road na 2015 da rana tsaka aka ɗauke shi a hamadar Namibiya, aka rine shi shuɗi wajen tacewa. Mai gwada wannan ya guji sa sararin sama a hoto, don shi yake tona asiri. Wanda ya fi shi sauƙi shi ne ɗan tsakanin faɗuwar rana da rufawar duhu, sama tana da sauran shuɗi, fitilu sun fara kamawa. A Kano bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, ga shi lokacin sallar magariba, don haka sai an gama gwaji tun la'asar, a ɗauki faɗin unguwa a ɗan wannan taƙin, fuskoki a bar su sai bayan isha'i. In da janareto za a yi aiki, a sayi doguwar wayar wuta a kai shi bayan katangar maƙwabta da izininsu saboda ƙararsa, a matso da makirufo kusa da bakin mai magana.