Wasan Wuta A Talabijin Da Daren Shiga Sabuwar Shekara

Duk ranar 31 ga watan Disamba, akwatunan talabijin a gidajen Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi ba sa hutawa. A da, abin da NTA Kano ko CTV 67 ta nan Hotoro, wadda ta koma ARTV, suka nuna shi ne abin kallonmu. Yanzu kuwa tauraron ɗan'adam ya kawo mana biranen duniya har cikin ɗaki, yara da manya sukan zauna su ga yadda kowace ƙasa take marabtar sabuwar shekara.

Abin da mai kallo zai fara lura da shi shi ne, shekarar ba ta shiga ko'ina a lokaci guda. Tsibirin Kiritimati na ƙasar Kiribati, can cikin tekun Fasifik, yana cikin wuraren da suke fara shiga, a lokacin nan Kano ƙarfe 11 ne na safe. Da ƙarfe 2 na rana sai birnin Sidni na Ostareliya ya haskaka gadarsa da tartsatsin wuta. Da ƙarfe 4 na yamma, a Japan ana buga ƙararrawar ɗakunan ibadarsu sau 108. Da ƙarfe 9 na dare sai Dubai ta kunna Burj Khalifa, benen nan mai tsawon mita 828. Mu da Yamai da Faris muke shiga tare. Landan da Akara sai ƙarfe 1 na dare, Rio ta Birazil ƙarfe 4 na asuba, sannan da ƙarfe 6 na safe a sauko da ƙwallon nan na dandalin Times a New York, al'adar da aka fara tun 1907.

Wannan lissafi yana da amfani gare mu, 'yan'uwa. Ya nuna cewa mafi yawan abin kallon nan ko dai ya wuce kafin ƙarfe 10 na dare, ko kuwa sai bayan an tashi daga sujada. Saboda haka babu dalilin da zai sa saurayi ya ce kallo ne ya hana shi zuwa majami'a.

Sujadar daren sabuwar shekara ma tana da nata tarihi. Wajen 1740 John Wesley ya ƙarfafa irin wannan kwanan zaune na addu'a a tsakanin masu haƙar kwal na Kingswood a Ingila, mutanen da a da mashaya ce wurin hirarsu ta dare. A Amurka kuma, daren 31 ga Disamba 1862, baƙaƙen fata sun taru a majami'u suna jiran wayewar gari, domin ranar 1 ga Janairu 1863 ne dokar Shugaba Lincoln ta 'yanta bayi a jihohin da suka yi tawaye za ta fara aiki. Har yau jikokinsu suna riƙe da wannan dare.

To, sai dai akwai abin da talabijin ba ta cika nunawa ba. Wutar da ake harbawa a Sidni ko Landan aikin ƙwararru ne, an yi watanni ana shiri, an killace jama'a nesa, 'yan kwana-kwana suna tsaye. Duk da haka akan samu tsautsayi. A Abijan, ranar 1 ga Janairu 2013, turmutsutsu bayan wasan wuta ya kashe mutum wajen 60, da yawansu yara ne. A Shanghai ta ƙasar Sin, daren ƙarshen 2014, mutum 36 suka rasu a cunkoso. A nan gida, ranar 26 ga Disamba 2012, wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya tashi a kasuwar Jankara ta Legas, ya ƙone gine-gine da dama.

Matsalar tana zuwa ne sa'ad da yaranmu suka tashi daga gaban akwatin suka ce su ma sai sun gwada, suka sayo nokawut suna jefawa a lungu. Lokacin hunturu ne, komai ya bushe, ga iska, ga jarkokin man janareto a bayan ɗakuna, ga kuma babbar ma'ajiyar mai a unguwarmu. Yatsan yaro ko idonsa ba a sayar da shi a kasuwa. Bayan haka, mutanen Kano ba su manta da 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da bama-bamai suka hallaka mutum fiye da 150 a birnin nan. Ƙarar da yaro ya ɗauka wasa ce, tana iya tsinka zuciyar tsohuwa a maƙwabta, ko ta sa jama'a su fita da gudu daga majami'a su tattake juna. Shi ya sa 'yan sanda sukan yi gargaɗi a kan nokawut a lokacin bukukuwa. Maƙwabtanmu Musulmi da muke zaman lafiya da su suna da hakkin barci cikin kwanciyar rai, kuma halinmu a irin wannan dare shaida ce a gabansu.

Shawara ga iyaye ita ce, ku zauna ku kalla tare da 'ya'yanku da rana, ku nuna musu ƙasashen a taswira, ku bayyana musu dalilin bambancin lokaci. Kuɗin nokawut kuwa a sayi shinkafa da shi a kai wa gwauruwa ko maraya. Dattawan ikkilisiya su sa matasa su tsaya a ƙofa, a tashi da wuri, a koma gida a ƙungiya. In ƙarfe 12 ya buga, a same mu a durƙushe muna godiya. Ubangiji ya kai mu sabuwar shekara lafiya. Amin.