Gargaɗi: Kada a Juye Ƙazantar Shadda a Hanyar Ruwa

Jama'ar Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, a saurara da kyau. Duk wanda shaddar gidansa ta cika, kada ya yarda a yashe ta sai ya san inda za a kai abin da aka kwaso. Kada a juye a kududdufi, ko kwalbati, ko gindin gada, ko wani kwarin da ruwan sama ke bi ya gangara Kogin Gari ko dam ɗin Kazaure.

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Madalla. Sai dai ramukan da aka yi ta haƙawa cika suke yi, mai yasa kuma yakan yi aikinsa ne da dare, an biya shi, ba wanda ya bi sawunsa. In ya sauke kayan a bakin rafi, an tattara cutar gida ɗaya ke nan an raba wa gari guda. Ruwan farko zai wanke ta zuwa inda yara ke wanka, mata ke wanki, masu lambu ke ban-ruwan latas da tumatir. Ƙwayar amai da gudawa ta nan take bi, tana kuma iya kashe ƙato cikin sa'o'i. A 2021 ta kashe mutum fiye da 3,500 a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jika.

Wanda ke ganin wasa ne ya je Kano ya dubi Jakara: rafi ne da dattin birni ya mayar baƙi ƙirin, ga wari, har ya zuba a dam ɗin Wasai. Ƙazanta na cinye iskar da ke cikin ruwa, gansakuka ta rufe shi, kifi ya mutu.

Masu unguwanni, dagatai da duba-gari, ku ware wa masu yasa wuri tun kafin damina, nesa da rijiya da rafi, a tudun da ambaliya ba ta kai wa. Ƙauye ba ya buƙatar injin miliyoyi. Jerin tafkuna da ƙazanta za ta kwanta a ciki, rana ta kashe ƙwayoyin cuta, da filin shanya laka, sun wadatar. Amma fa in an gina an watsar, gara ma ba a gina ba, domin ranar da ya tumbatsa, dattin gari duka ta baki ɗaya zai shiga kogi.

Mai fili a gida ya rufe cikakken ramin da ƙasa, ya bar shi shekara 2, ya haƙa sabo. Tsakanin shadda da rijiya kada ya gaza mita 30. Ruwan rafi ko na dam, a tafasa kafin a sha.

Wanda gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama, a dama masa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita 1 ta tafasasshen ruwa, yana sha ana tafiya da shi asibiti. Kada a jira gari ya waye.